Tagar Malam Abdulbaƙi

Ya'u cajin waya yake yi a Maigatari, a wata 'yar rumfa kusa da inda manyan motoci ke lodi, amma a jikin rumfar ya sa jan fenti ya rubuta Injiniya. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa, kuma in ka kira shi Ya'u gatsau sai ya yi kamar ba da shi kake ba. In ka kawo masa waya tana 'yar gardama, zai kwance ta a gabanka, ya hura mata iska, ya girgiza kai, ya ce ka yi sa'a da ka faɗo hannunsa. Sau da yawa wayar takan koma gida da cutar da ba ta zo da ita ba. Sai dai Allah ya yi masa daɗin baki, kana tafiya kana yi masa godiya.

Abu ɗaya yake so tsakaninsa da Allah, wato Hidaya, 'yar Malam Abdulbaƙi na nan unguwarmu a Gumel. Ita ma tana sonsa, don yarinya ce mai son dariya, shi kuwa abin dariya ba ya ƙare masa. Magana ta yi nisa har an tsayar da ranar Asabar, kawunsa Shehu zai taso daga Ɗanzomo da dattawa su nemi aurenta.

Malam yana da kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa daga Damagaram, cike da littattafai da karatun malamai. Duk safiya in ya kunna ta zai duba littafi, kafin komai sai wata taga ta buɗe kanta a tsakiyar allo. Folda ce wadda ba komai a cikinta, fara fat, ta zo ta tare masa littattafansa. Idon Malam ya yi rauni, yatsansa kuma yana rawa, in ya nufi 'yar alamar rufewa da ke can kusurwa sai kibiyar ta zarce. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Hidaya, taga." Ita kuma ta ajiye tsintsiya ta zo ta rufe. Mu maƙwabta har mun saba, da kiran nan muke sanin Malam ya gama lazimi.

Ana saura 'yan kwanaki Asabar ɗin ta zo, Ya'u ya zo gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsugunna a rairayi, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Malam yana kan buzunsa da wasu dattawa, Hudu mai shayi yana tsallaken hanya yana fifita wuta. Bayan an gaisa sai Malam ya yi murmushi ya ce, "Ni ban ƙi ka ba, Ya'u. Amma in ka ɗauke Hidaya ka kai ta Maigatari, wa zai riƙa rufe mini taga?"

Wasa Malam yake yi, kowa a wurin ya san wasa ne. Da mai hankali ne sai ya ƙara sunkuyar da kai, a yi dariya, a ɗaura aure, tagar ta zama damuwar wani. Amma Ya'u ya ji an ambaci kwamfuta, sai kunnuwansa suka miƙe.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, in dai taga ce ai an zo gidana. Ni ba rufe ta zan yi ba, toshe ta zan yi in yaɓe wurin, har a manta an taɓa yin taga a nan."

Malam ya ce, "Ikon Allah."

"Kuma a gaban dattawa nake faɗa. In ranar Asabar aka kunna na'urar nan tagar ta ko leƙo, kada a karɓi maganar Kawu."

Murmushin Malam ya ragu. Mutum ne da ba ya barin maganar da aka yi a gaban shaidu ta faɗi ƙasa. Ya ce, "Kai ka faɗa?"

"Ni na faɗa, Allah gafarta Malam."

Hudu ya ɗago daga tsallake ya ce, "Mun shaida." Haka Ya'u ya ɗauki aurensa da hannunsa ya rataya a jikin taga, ba wanda ya aike shi.

Nan take aka fito da kwamfutar. To, mai neman aure ba ya hawa shimfiɗar suruki, don haka aka kifa masa turmi a rana, ya ɗora ta a kai, ya tsugunna ba takalmi, rairayi yana gasa masa tafin ƙafa. Da ta tashi sai ya ga duk rubutun ciki Faransanci ne.

Hudu, wanda ya bar shayinsa ya matso, ya ce, "Injiniya, ka kuwa iya yaren?"

Ya'u ya ce, "Haba Hudu, ni da na yi zaman Damagaram."

Zaman nasa kuwa mun san shi. Rakiya ya taɓa yi wa wani direba, ya yi barci a mota har aka sauke kaya aka juyo. Abin da ya tsinto a tafiyar kalma biyu ne, wi da non, wato to da a'a. Saboda haka duk tambayar da kwamfutar ta yi masa sai ya danna wi, yana cewa ba a yi wa baƙo musu. Ya kamo farar foldar ya jefa ta kwandon shara, aka tambaye shi wani abu ya ce wi, ya kashe ya sake kunnawa.

Allo ya tashi tas, ba taga. Ya'u ya manta a gidan surukai yake, ya miƙe tsaye yana karkaɗe riga. Bai gama buɗe baki ba sai aka ji kwamfutar ta yi ƙara, ɗin, wata 'yar ƙaramar taga ta fito da tambaya a cikinta.

Ya dube ta ya yi dariyar mugunta. Ya ce, "Kun gani? Ta ga na fi ƙarfinta, sulhu take nema." A karo na farko tun da ya fara, ya danna non.

Daga baya wani direban Nijar da aka nuna wa hoton tambayar ya gaya mana abin da ta ce. Wai foldar ta tafi, saura ɗan guntun da ke kiranta, a share shi a huta? Tambaya ɗaya tal da ta cancanci wi ke nan a duk yinin, ita ce kuma Ya'u ya ƙi.

Aka sake kunnawa, ɗin. Aka ƙara, ɗin. Malam ya ce, "Ɗan nan, a da tawa shiru take zuwa. Kai kuma ka koya mata magana. Mayar mini da bebiyar." Ya'u ya shiga kwandon shara ya tono foldar, aka koma gidan jiya.

Lokacin rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga. Iya Yelwa, mahaifiyar Malam, ta fito da kanta da kwanon fura mai sanyi, ta dire a gabansa. Rabonsa da abinci tun kokon safe, amma wa ya taɓa ganin mai neman aure yana kwankwaɗar fura a ƙofar gidan surukai?

Iya ta ce, "Kai ne mai toshe taga?"

"Ni ne, Iya."

"To ta ɗakina ma ta ɓalle, in ka gama da ta Malam."

"Iya, wannan ta ilimi ce."

"Ilimin ne ke kuka a cikinka haka? Tun daga tsakar gida nake jiyo shi. Sha abinka, na juya baya."

Ya haɗiyi yawu ya ce, "Na ƙoshi, Iya."

Ta ce, "Madalla," ta miƙa wa Hudu kwanon. Hudu ya tsugunna daf da shi ya shanye tas, yana yi yana yaba nonon.

Da Ya'u ya ga ba ci gaba, sai ya ce ai manyan kayan aikinsa suna ofis, a ba shi ita ya tafi da ita Maigatari. Malam ya ba shi. Ya ɗaure ta a ƙirji da rawani ya hau babur.

Ranar Alhamis kasuwa ta cika maƙil, shanu da raƙuma da motoci, rumfar Ya'u kuwa wayoyi har a ƙasa. Bai kula su ba. Ya nemo bidiyo a wayarsa, wani mutum yana zuba Turanci da sauri yana nuna yadda ake maganin irin wannan taga. Mutumin ya danna nan, ya rubuta can, ya buɗe wani ɓoyayyen wuri a cikin kwamfuta, ya ɗaga yatsa zai faɗi abin da za a yi. Daidai nan data ta ƙare, ɗan da'ira ya kama juyawa a kan hancinsa. Maƙwabcin rumfa ya ce ya sa wata datar mana. Ya'u ya ce ai ya riga ya gane, sauran bayanin na 'yan koyo ne.

Ya bi matakan da ya gani, ga mamakin kowa har da shi, wurin ya buɗe. A ciki ga hoton farar foldar nan ita kaɗai, da wata 'yar lanƙwasasshiyar kibiya a gindinta. Yanzu duk unguwarmu har mata sun san mene ne wurin nan: duk abin da aka ajiye a cikinsa, shi kwamfuta ke buɗewa da zarar ta tashi. Cire ɗan hoton nan ɗaya shi ne gyaran gaba ɗaya.

Sai ga Sajo, wani dattijon Bafulatani dillalin shanu, ya zo karɓar wayarsa. Ya leƙa ta kafaɗar Ya'u ya ce, "Wannan kuma fa?"

Ya'u ya ce, "Garke ne, Baffa. Nan ake killace masu taurin kai."

"Ɗan abin da ke ƙafarta fa?"

"Igiya ce."

Sajo ya gyara sandarsa ya ce, "To an ɗaure ta ke nan tana tsinkewa. Igiya ɗaya ta yi mata kaɗan, ƙara mata dabaibayi."

Ya'u ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. Ya sake jawo foldar ya cusa a wurin, ya kashe ya kunna. Taga biyu suka fito, ɗaya a bayan ɗaya.

Sajo ya ce, "Barka, ta haihu."

Kafin ka ce me, mutane sun taru, masu jiran waya da masu wucewa. Wani ya ce a sa ta a inuwa, wani ya ce a cire batir a goga a hammata. Sajo ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce shi ya tsufa cikin dabbobi, saniyar da aka ware ita kaɗai ba ta taɓa kwanciya, kewar 'yan uwanta ke sa ta tsallake shinge. A koro mata garken duka, za a ga ta natsu.

Ya'u ya buga cinya ya ce, "Baffa, a makaranta ma haka aka koya mana."

Ya shiga kora. Foldar littattafan fiƙihu, ta nahawu, ta hotunan walimar sauka, ta karatun malamai, duk abin da kibiya ta taɓa sai ya ja shi ya zuba a garke. Sajo yana tsaye yana ƙirga su da sanda kamar shanu na shiga mota.

Da ya gama, maimakon ya gwada, sai wata dabara ta faɗo masa. Aiki irin wannan ai ya kamata ya zo da jawabi. Ya ɗauki kwamfutar ya zaga bayan rumfa shi kaɗai, ya shiga naɗar muryarsa don a kunna wa dattawa ranar Asabar. Ya fara ya ɓata, ya sake ya ɓata, wani lokacin ya manta bai tsayar da naɗin ba yana ta surutu da kansa. Da ya samu guda mai kyau, sai ya tattara ɓatattun duka ya kora su garke su ma, don kada kowa ya taɓa jin su.

Sannan ya dawo ya kira jama'a. Ya kunna. Kwamfutar ta ɗauki zafi, fankarta tana huci, don kayan da aka ɗora mata ta buɗe sun fi ƙarfinta, tana ta tattaro numfashi. Allo ya tashi fes, ba taga ko ɗaya. Ya'u bai jira ba, ya danne maɓallin kashewa har ta mutu.

Ya ce, "Sun kwanta. Kada a tashe su."

Aka yi tafi. Sajo ya ce ai shi dama ya faɗa. Ya'u kuwa har ya yafe wa mutum biyu kuɗin cajinsu don murna.

Ranar Asabar da hantsi Kawu Shehu ya iso da dattawan Ɗanzomo, har da wani ƙanen kakan Ya'u da aka biya ta Gagarawa Tasha aka ɗauko shi. Aka baza tabarmi a ƙofar gidan Malam, aka ajiye goro. A al'ada mai neman aure ko kusa da layin ba ya bi a irin wannan rana, sai ga Ya'u cikin shadda mai sitaci, kwamfuta a hannu ɗaya, lasifikar da ya aro wurin Hudu a ɗaya.

Kawu ya harare shi ya ce, "Me kake yi a nan?"

"Aiki na kawo, Kawu. Injiniya ba ya aiko da aiki."

Ya haɗa lasifikar ya miƙa wa Hudu ya riƙe, ya ba wani dattijo kwamfutar ya miƙa wa Malam a tsakiyar shimfiɗa. Shi kuma ya koma can gefe ya tsugunna, baki har kunne. Mata sun cika zaure suna leƙe.

Malam ya yi bisimilla ya danna. Allo ya tashi fes. Ya kai fuskarsa kusa ya duba kusurwa-kusurwa, ya ce, "Masha Allah." Ya'u ya dubi Hudu ya ɗaga masa gira. Kawu Shehu ya gyara zama ya yi gyaran murya ya ce, "To Malam, abin da ke tafe da mu…"

Farar taga ta fito.

Malam, bisa sabo, ya ce, "Hidaya, taga."

Ta biyu ta hau kanta. Sai fiƙihu, sai nahawu, sai hoton Malam yana cin shinkafa a walima, sai wasu suka riƙa zubowa suna hawa kan juna tun daga kusurwa har ƙasa. Malam ya ɗan ja baya ya ce, "Hidaya, tagogi."

Ya'u ya zabura zai kai hannu, sai ya ga kwamfutar tana kan cinyar Malam, tsakaninsa da ita shimfiɗar surukai ce da dattawa jere. Ya ɗaga ƙafa zai taka, ya mayar. Ya zaga ta dama, ya zaga ta hagu, yana ta tsalle a bakin tabarma kamar kaza ta ga hatsi a cikin kwalba. Ana cikin haka lasifika ta yi tari, muryarsa ta cika layin.

"Assalamu alaikum dattawan Gumel da na Ɗanzomo, mai magana Babban Injiniya… a'a, babban ya yi yawa. To amma ai gaskiya ce."

Ya'u ya ce, "Hudu, kashe."

Hudu ya rungume lasifikar ya ce, "Ai ban san maɓallin ba, ni ba injiniya ba ne."

Wata muryar Ya'un ta katse ta farko. "Wallahi da na sani na sha furar tsohuwar nan. Har yanzu in na rufe ido ita nake gani."

Daga zaure Iya Yelwa ta ce, "Ai na ce maka ka sha."

Dattawa suka fara rufe baki da hannun riga. Ta uku ta shigo. "Kawu Shehu kuwa ba matsala, shi da ko rediyo sai an kamo masa tasha. Da ya ga allo ya yi haske shi ke nan."

Kawu ya juyo a hankali ya dube shi. Tsohon Gagarawa Tasha, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Me ya ce?" Wani ya maimaita masa da ƙarfi, don haka unguwa ta ji sau biyu. Mata a zaure har da masu zama a ƙasa don dariya.

Sai kuma wata murya ta fito ƙasa-ƙasa, wadda ba mu taɓa jin Ya'u da irinta ba. "Ya Allah ka rufa mini asiri. Ni ban san abin da na taɓa a cikin abin nan ba. Hidaya kawai nake so."

Gaskiya ni kaina ya ba ni tausayi, don Ya'u ya durƙushe a rairayi, shaddar ta yi laushi, ya rasa inda zai sa idonsa. Kwamfutar ta yi huci na ƙarshe ta sandare, tagogi cunkushe a fuskarta, ba gaba ba baya.

Malam ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Malam Shehu, ɗanku ya yi magana a gaban shaidu, ya ce in taga ta leƙo kada a karɓi maganarku. To kun dai gani, wannan ta wuce leƙe. A da taga ɗaya Hidaya take rufe mini, yanzu in ta fara da safe sai azahar. Ku ɗauki goronku. Ranar da na'urar nan ta dawo hayyacinta, ku dawo."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, sai ba taga ko ɗaya?"

Malam ya ce, "Da tawa ɗayar ma na yarda. Mun saba da juna."

Jin haka sai Ya'u ya ɗago kai, idonsa ya sake kawo wuta. Ya matso da gwiwa har bakin tabarma, ya miƙa hannu biyu ya ce, "Allah gafarta Malam, in dai ɗaya ce ai aikin ya zo da sauƙi. A ba ni ita zuwa la'asar, akwai wata dabara da ban…"

Sai aka ji murya daga bayan ƙyauren zaure. Hidaya ce, wadda a rana irin wannan ko tarinta bai kamata dattawa su ji ba.

Ta ce, "Baba, don Allah kada ku ba shi. A kai ta Kano, a kai ta ko ina ne. Ni ina son auren nan."

Malam ya dubi hannun da ke miƙe, ya ja kwamfutar ya rungume ta a ƙirji. Kawu Shehu kuwa ya kama wuyan hannun Ya'u, bai sake shi ba har tasha.